Katakon Maɗaci a Zurmi

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in zauna in rubuta wannan. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi wani abu a kan bawan Allah wanda ba haka yake ba, alhali wasu cikin mutanen da zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin kare kansu. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Daga baya na ga idan ban kama sunan kowa ba, na kuma tsaya a kan abin da idona ya gani, wataƙila ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Allah ya sa haka.

Ni tela ne a Ƙaura Namoda, kuma tun ina ƙarami ni matsoraci ne. Ba tsoron duka kaɗai ba. Irin mutumin nan ne ni da zai rufe shago, ya kai bakin titi, ya komo ya ja kwaɗo ya ji ko ya kama. In na yanka yadin mutane, sai in yi ta juya ƙyallen da ya rage ina tunanin ko halak ɗina ne ko na mai kaya.

Ba da daɗewa da ba mu jihar Zamfara ba, wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya zo shagona da farin yadi mai kauri, ya ce in ɗinka masa riguna marasa maɓalli da wanduna masu faɗi. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji. Yana koyar da kareti bayan La'asar a filin wata firamare da hedimasta ya ara masa, kowa kuma Masta yake ce masa. Ranar da na kai ɗinkin na tsaya kallo, ban tafi ba sai da aka kira Magariba. Bayan mako na ɗinka wa kaina riga ɗaya.

Ban taɓa zama gwani ba. Amma a filin nan ne kaɗai zuciyata take daina yi mini surutu. Idan Masta ya daka tsawa aka fara, babu tunanin kwaɗo, babu tunanin ƙyalle, ƙafa da hannu kawai. Wanda bai san waswasi ba ba zai gane darajar wannan ba.

A kareti ana gane matsayin mutum da launin ɗamarar da ya ɗaura, wadda muke ce wa bel. A wurin Masta daga fari ake farawa, sai rawaya, sai kore, sai ruwan ƙasa, sannan baƙi. Kafin a sauya maka launi sai an jarraba ka. Jarrabawarsa abu biyu ce: kata, wato jerin motsi da ake haddacewa kamar mutum yana faɗa da abokan gaban da ba a gani, sai gwabzawa da ɗan'uwanka ba tare da an sa ƙarfi ba. A hankali a hankali na kai kore. Ni a zatona ko'ina a duniya haka ake yi.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Na yi murna kamar kowa. Amma lokacin kowa ya shiga binciken kansa, mai awo yana duba mudunsa, mahauci yana duba sikelinsa, ni kuwa da ma haka nake, sai abin ya ƙaru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunkuyawar da muke yi wa Masta a farkon horo da ƙarshensa. Na tafi wurin yayana, wanda ya gāji littattafan mahaifinmu yake kuma koyarwa a Islamiyya, na tsuguna na gaya masa.

Ya ce, "Har ina kuka sunkuyawa?"

Na tashi na gwada masa.

"Miƙa hannuwanka ƙasa. Tafukanka sun kai gwiwa?"

"Sun kusa, Yaya."

"To nan iyakar take. In tafi ya kai gwiwa ya zama ruku'u, ruku'u kuwa na Allah na. Sa goshi ƙasa ko, wannan ba a ma maganarshi."

Daga ranar duk sanda na shiga bayan labulen shago sai in sunkuya in auna. Wata rana in ga da saura, wata rana in ga kamar yatsuna sun taɓa. Da abin ya ishe ni na tari Masta na yi masa bayani. Ya yi dariya har yana dafa kafaɗata.

"Tela, kai kam ko inuwarka sai ka nemi izininta kafin ka taka. To an daina. Kowa ya sa hannu a ƙirji ya ɗan rusunar da kai, shi ke nan. Ni ba bauta nake nema ba."

Haka aka koma yi, hankalina ya kwanta. Amma bai daɗe a kwance ba, domin an yi wa Masta canjin wurin aiki. Wasu sun ce shi ya nema, ni ban tambaye shi ba. Hedimasta ya kira ni da Masta ofishinsa ya ce iyaye sun fara ƙananan maganganu a kan filin, shi kuma ba zai bar shi a hannun wanda bai kai matsayin koyarwa ba. Masta ya ce mafi ƙanƙantar wanda zai riƙe aji shi ne mai bel ruwan ƙasa, kuma a cikin ɗalibansa ni ne babba, ni ne kuma ba na fashi. Hedimasta ya ce to, in na zo da bel ɗin kafin a dawo daga dogon hutu, fili nawa ne. In ban zo da shi ba, an rufe.

Na ce wa Masta ya jarraba ni mana kafin ya tafi. Ya girgiza kai. A inda ya koya, malami ba ya ba ɗalibinsa ruwan ƙasa da hannunsa, sai wani malamin ya gwada shi. Ya ce ya san mutum biyu a kusa, ɗaya a Shinkafi, ɗaya a Zurmi, kuma zai aika musu da labarina. Kafin in je ko ɗaya ya hau jirgi ya tafi.

Shinkafi na fara zuwa, ranar kasuwa, don a samu mota. Malamin can a Maraɗi ya koyo, ɗalibansa suna ce masa Metir, irin na mutanen Nijar. Ɗaki ne da shi mai daɓen siminti bayan wani sito na albasa, warin yana shigowa ta taga. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya lissafa mini ire-iren katar da yake nema, duk na iya su. Har na fara jin daɗi. Sai aka fara horo, na ga sun jeru sun zauna irin zaman tahiya, sun kafa tafukansu biyu a ƙasa, sun kai kawunansu gaba zuwa daɓe. Na ji kamar ni ne a layin.

Da suka gama na ce, "Metir, wannan yana cikin jarrabawa?"

"Da shi ake buɗewa, da shi ake rufewa."

"Ba a iya ɗauke wa mutum?"

Ya gane inda na dosa. Ya ce, "Malam Tela, ni ma ina salla. Duba da kyau, goshi bai taɓa ƙasa, akwai tazara. Gaisuwa ta kawai, niyya ake dubawa."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Metir, a sa mai matashin kai tsakani, shi huta!" Aka yi dariya. Metir ya harare shi.

Ya ce mini haka ya karɓa daga malaminsa, kuma bel ɗin da aka ba da ba tare da wannan ba, in aka je Maraɗi ba wanda zai dube shi. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Amma na san kaina. Ko da goshina bai taɓa ba, zan ƙare rayuwata ina tambayar ko ya taɓa. Na yi godiya na fito.

Saura Zurmi. Na hau kabu-kabu muka bi ta Dauran, gero ya yi tsawo dama da hagu, ni kuwa ina ta addu'a kada in tarar da irin na Shinkafi. Malamin can dogo ne siriri, ɗan liman, yana koyar da motsa jiki a sakandare. Tun kafin in gama tambaya ya ce shi ya daɗe da cire sunkuyawa gaba ɗaya, sallama ake yi a gaisa hannu da hannu. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Ya ce, "Kada ka yi saurin godiya. Nan wurin, ba a ɗaura ruwan ƙasa sai an karya katako da hannu."

Ya shiga ya fito da wani farin katako mara nauyi, irin na akwatin da ake kawo injin ban-ruwa a ciki. Ya ba ɗalibai biyu suka riƙe, ya sare shi da gefen hannu, ya rabe biyu kamar rake. Ni ban ga katakon ba, hannunsa nake kallo. A wurin Masta ba mu taɓa dukan wani abu mai tauri ba.

Da na koma gida na gaya wa maiɗakina, ta ajiye muciya ta dube ni.

"Da wane hannun?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Malam, hannun nan da shi muka ci. Almakashi bai san bel ba. In ka karya shi, mu dafa ɗamarar mu sha romo?"

Gaskiya ta faɗa. Na yanke cewa da hagu zan sara, dama ta zauna lafiya. Na nemo irin wannan farin katakon a tashar mota, na riƙa gwadawa a bayan gidanmu da hantsi kafin in buɗe shago. Da farko hannun ya kumbura, na riƙa sa shi a ruwan ɗumi. Daga baya katakon ya fara tsagewa. Ranar da na raba shi gida biyu, na zauna a kan turmi ina haki, na ce ashe zai yiwu. Duk da haka tsoron bai tafi ba, ya dai koma gefe yana jira.

Ranar jarrabawa ta faɗo a makon ƙarshe na hutu. A filin sakandare aka yi, da safe, ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. Ban san yadda labari ya bazu ba, amma mutane sun taru, har da waɗanda suka taso daga gona da fartanya a kafaɗa. Mu uku za a gwada, ni da wasu samari biyu 'yan garin. Kata ta tafi daidai, sai wuri ɗaya da na juya ta hagu maimakon dama na gyara da sauri. A gwabzawa aka fasa mini leɓe. Na haɗiye jinin, ina tunanin ko alwalata tana nan.

Sai aka zo kan katako. Malamin ya riga ya ba wani tsohon kafinta na garin aikin ya yanko masa. Ga shi nan tafe da su a ka, naɗe cikin buhu. Ya sauke ya kwance a gaban jama'a. Jajaye ne, an goge su sumul suna sheƙi. Ni da nake zama a kan benci kullum, na san maɗaci in na gan shi.

Malamin ya ɗauki ɗaya ya ji nauyinsa, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Baba, ina farin da nac ce?"

Tsohon ya ce, "Wancan? Ai ba katako ba na, ɗan nan. Ko jikana na iya karya shi da gwiwa."

"Shi ɗin dai nika so."

"A'a. Ran Jumu'a liman yac ce kowa shi ji tsoron Allah shi bar algus cikin sana'atai. Mahaifinka na fa yaf faɗi. Ni in amshi aikinka in kawo ma ruɓaɓɓen abu? Jarrabawa anka ce mini za a yi. Wanga da kag gani, ƙofar masallaci nika yi da irinshi."

Jama'a suka ɗauka, "Gaskiya ta, Baba! Allah shi yi albarka!" Tsohon yana murmushi, shi har ransa alheri ya yi mana.

Malamin ya duba hagu ya duba dama. Ya matso kusa da mu uku ya rage murya ya ce wannan ba katakon jarrabawa ba ne, wanda yake so a ɗaga masa zuwa wani watan ya faɗa, babu kunya. Saurayi ɗaya ya ce a ɗaga. Ɗayan, mai ƙarfin jiki, ya ce shi zai gwada. Ya ja baya ya yi ihu ya sara. Ƙarar da na ji kamar an buga taɓarya a kan dutse. Ya tsuguna ya sa hannun tsakanin cinyoyinsa, yara suna ta tsalle suna cewa katako ya ci.

Malamin ya dube ni. "Tela, a ɗaga?"

Ina so in ce a ɗaga. Wallahi duk jikina abin da yake cewa ke nan. Amma Litinin ake komawa makaranta a Ƙaura, kuma hedimasta ba wani watan ya ce ba. Na tuna filin, da la'asar ɗin da zan riƙa yi a shago ni da tunanina. Na ji bakina ya ce, "A riƙe."

Wani daga cikin jama'a ya ce, "Ɗan Ƙauran nan rawa shikai tun ba a buga ganga ba!" Gaskiya ne, gwiwoyina suna kaɗawa ana gani ta cikin wando. Mutum biyu suka riƙe katakon. Na ɓoye hannun dama a bayana, na yi bismilla, na runtse ido, abin da Masta ya sha hana ni, na sara da hagu.

Abin da ya karye ba katakon ba ne. Na ji shi a gefen hannuna, ƙasa da ƙaramin yatsa, wani ɗan sauti kamar an taka busasshen kara. Ban ji zafi nan take ba, sai sanyi da ya hau har kafaɗa. Da na buɗe ido katakon yana nan yadda yake, ko tabo babu.

Malamin ya riƙe ni kada in faɗi. Ya ɗaga murya ya gaya wa jama'a cewa kuskure aka samu wurin katako, ba irinsa ake karyawa ba, kuma mutumin da ya san maɗaci ya ga abin da ya yi wa na gabansa, ya kuma sara, ya nuna abin da ake nema. Ya kwance mini koren bel da hannunsa, ya ɗaura mini ruwan ƙasa.

Na ce, "Malam, ai bai karye ba."

Ya ce, "Ni ka jarrabawa ko kai?"

"Kai ne. Amma kai ka ce ba a ɗaurawa sai an karya."

"Tela, don Allah ka yi shiru a kai ka wurin maɗori."

Tsohon kafintan ne ya kai ni da kansa, yana riƙe da gwiwar hannuna yana ta salati, yana cewa shi bai san abin karyawa ake so mai karyuwa ba. Na ce masa babu komai, kuma babu komai ɗin. Maɗori ya ja yatsan, a nan ne na san zafi, ya ɗaure da kara da tsumma.

A hanyar komawa, kowane rami mashin ya faɗa sai na ji shi a ƙashi, amma ba shi ya fi damuna ba. Tun kafin mu kai Dauran na kwance bel ɗin na cusa a aljihun riga. Da na isa na wuce wurin Yaya. Ya saurara har ƙarshe ya ce abin da mai jarrabawa ya ba ni da bakinsa a gaban shaidu halak ɗina ne, in daina wahalar da kaina. Na ji, na kuma yarda da shi, har zuwa ƙofar gida.

Ranar Litinin na tafi ofishin hedimasta, hannu a rataye a wuya, na ajiye bel ɗin a kan teburinsa. Ya dube shi ya dubi hannun.

"Ka ci ke nan?"

Da na ce e, da magana ta ƙare. Sai na ji ba zan iya ba sai na faɗi yadda aka yi. Na ba shi labari tun daga Shinkafi har maɗori. Ya jingina da kujera.

"Wato sharaɗin bai cika ba."

"Bai cika ba, ranka shi daɗe, amma an ɗaura mini."

"Ni ban san kareti ba, Malam Tela. 'Ya'yan mutane za ni ba ka. In uban wani ya zo ya tambaye ni, kai zan nuna. Kai a ranka, ka ci ko ba ka ci ba?"

Na duba cikin raina da gaske, kamar yadda ya ce, ban samu amsa ɗaya ba. Ya jira ni, bai matsa mini ba. Daga ƙarshe ya turo mini bel ɗin ya ce in je in warware, in hannu ya warke mu sake magana.

Kafin a kwance mini kara an fara zuba bulo a filin, za a ƙara ajujuwa. Ɗaliban Masta suka watse, wasu suka koma ƙwallo, wasu suka shiga kabu-kabu. Na yi niyyar komawa Zurmi in karya farin katakon a gaban malamin don in huta, amma hannun ya ɗauki lokaci, kuma duk sanda na ɗaga shi a kan katako sai ya tsaya da kansa a sama. Kafin in samu ƙarfin zuciya aka mayar da malamin wata makaranta, daga baya na ji rasuwarsa. Wani ɗalibin Metir da ya kawo mini ɗinki ya ce a wurinsu ba a karya komai sai ranar biki don 'yan kallo. Wani soja da ya yi kareti a Kaduna ya ce su sun karya, amma sai a baƙin bel. Kowa da nasa.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya koyi kareti a Sakkwato, ko Katsina, ko Kano, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan labari. Me ake nema a makarantarku kafin a ɗaura wa mutum ruwan ƙasa? Karya katako sharaɗi ne ko ado? In sharaɗi ne, wane irin itace, kuma kaurinsa yaya? In kuma aka kawo wanda ba shi ba bisa kuskure, mai jarrabawa yana da ikon ya yafe, ko dole sai an sake? Wanda ya sani ya faɗa mini yadda abin yake, kada ya sassauta don ya ji tausayina.